Kiɗan Na Allah da Turmin Inna

Na Allah ba abokina ba ne, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ce don ƙauna na zauna ba da labarinsa. Shekara huɗu na yi ina jin haushin mutumin nan, kuma a cikinsu bai taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa. Laifinsa guda ne: mahaifiyata tana son kiɗansa, nawa kuwa ko sau ɗaya ban taɓa jin ta kunna ba.

Ni sunana Ilyasu. Ina da shago a Tasawa inda nake haɗa kiɗan fiyano, ina kuma ba da hayar lasifika a wuraren biki. Na yi lakwal, wato makarantar boko, daidai gwargwado, na yi shekara biyu a Maraɗi ina koyon aikin sauti, na dawo da lasifiku biyu waɗanda tsayinsu ya kai ƙirjina. In na saki kiɗa a shagon nan ƙofar ƙarfe rawa take yi, masu shan shayi a tsallaken titi su ɗago kai. Abin da na fi taƙama da shi shi ne bas, wato kaurin nan na ƙasan kiɗa da mutum ke ji a cikinsa kafin ya ji a kunne.

Shi kuwa Na Allah mutumin wani ƙauye ne a gefen Kanan Bakashe, can yankin Mayahi. Bai taɓa shiga aji ba. Tun yana saurayi amalanken jaki yake kora, yana kai wa mata gero da itace kasuwa, da damina ya noma ƴar gonar da ubansa ya bari. Gajere ne mai siririn wuya, in yana magana sai ka matso kusa. Wani ƙanensa da ya je cirani arewa ne ya dawo masa da tabilet, babbar wayar nan mai faɗi, fuskarta a tsage, lasifikarta a mace. A ciki ya tarar da hoton fiyano wanda in ka danna maɓallansa yake ba da muryar sarewa ko goge ko kalangu. Babu wanda ya koya masa. Da yake na'urar ba ta iya magana da kanta, sai ya sa igiya ya haɗa ta da wata ƴar rediyo mai cin kati, irin wadda mata ke ratayawa a jikin danga. Duk abin da yatsunsa suka danna, ta bakin wannan ƴar rediyo yake jin sa.

Cikin shekara ɗaya ya ajiye amalanke. Ranar kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, mata su kawo katinsu ya zuba musu kiɗa. Ba waƙa a kai, ba kirarin kowa, kiɗa ne zalla, siriri, sarewa a sama da ɗan kalangu yana bin ta. Daga Kanan Bakashe abin ya kai Mayahi, daga Mayahi ya tsallako har Maijirgi, inda mahaifiyata take.

Inna Halimatu fura take sayarwa, kuma har yau ba ta yarda injin niƙa ya taɓa geronta ba. Kullum da hantsi tana kan turmi. Ni na saya mata rediyo da hannuna, na cika mata kati da kiɗana goma sha biyu, waɗanda na zaɓa na darje. Bayan mako biyu na je gaishe ta, tun daga ƙofar gida na jiyo wata sarewa tana tsalle a kan ƙarar daka. Na shiga na same ta tana lilo da kai, taɓarya na sauka daidai kan kiɗan. Ta amsa gaisuwata ba tare da ta tsaya ba. Katina kuwa daga baya na gan shi a cikin gwangwanin da take ajiye allura da zare.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta yaba mini a gaban mutane, in ina wuri ma kallon wani gefe take yi. Don haka na ce wa raina kunyar ɗan fari ce, ta yaya za ta saki kiɗan ɗanta maƙwabta suna ji? Da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma duk ranar da na je Maijirgi na jiyo sarewar nan, sai furar da ta dama mini ma ta ƙi yi mini daɗi. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Wata rana na sayi katin kiɗansa a ɓoye, na kulle shago, na sa shi a manyan lasifikuna. Dariya na yi har da riƙe ciki. Ba ƙasa, ba nauyi, ihun sauro kawai a cikin ɗaki. Sai na ɗauko ƴar rediyo irin ta Inna na sa nawa, don in ƙara jin daɗi. Nan dariyata ta tsaya. Bas ɗin da nake kwana uku ina gyarawa ya koma kakarin gwangwani, ya danne sarewar, ya danne komai. Na cire katin na ce laifin rediyo ne, mutanen ƙauye kuma ba su da kunne. Wannan magana na faɗe ta a majalisa ya fi a ƙirga.

Duk da haka abin bai bar ni na huta ba. Bayan girbi na hau babur na tafi ƙauyensu, na ce wa mutane hanya ce ta biyo da ni. Aka nuna mini gidan yayarsa, aka ce a can yake aiki don ɗakinsa ba inuwa. Na same shi zaune a gindin bishiyar dogon yaro, tabilet a kan gwiwa, ƴar rediyo a gefen ƙafarsa. Taku uku daga inda yake, mata uku suna lugude a turmi guda. Yana danna maɓallai yana kallon hannuwansu.

Na tsaya a bakin danga na kasa ƙarasawa. Kiɗan da na yi wa dariya a shagona, a nan cikakke ne. Turmi ne ƙasansa. Duk inda taɓarya za ta sauka ya bar wurin fili, sarewar ta ɗauke ta ba ta hanya, in ta sauka kalangu ya amsa. Abin da nake nema da lasifika mai tsayin mutum, shi yayarsa da maƙwabtanta suna buga masa kyauta kowace safiya. Duk matar da ta rataye rediyo ta ɗauki taɓarya, ita ce ke cike rabin kiɗan da hannunta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai ma san yana yi ba. Da ya gan ni ya miƙe da rawar jiki, ya share mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce ya san ni, ya sha wucewa ta gaban shagona ya tsaya daga nesa yana saurare, amma bai taɓa samun ƙarfin halin shiga ba. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba ya sa bas.

“Mi ne ne bas, Malam Ilyasu?” ya ce.

Na kwatanta masa. Ya ce to, ya taɓa cin karo da wani maɓalli mai muryar babbar ganga, amma da ya danna sai rediyon ta kama tari, shi ya sa ya ƙyale shi. Ya faɗi haka yana sunkuyar da kai kamar mai neman gafara. A ranar na koma Tasawa. Na gane sirrin aikinsa sarai, na kuma gane cewa ni kaɗai na sani. Ina so a riƙe wannan, don abin da na yi daga baya ba cikin rashin sani na yi shi ba.

Bayan wata biyu wani ɗan kasuwa a Tasawa ya aurar da ƴarsa, aka ɗauke ni da kayan sautina. Dangin ango daga wajen Mayahi suke, suka zo mota biyu, Na Allah a cikinsu sanye da sabuwar riga da ta yi masa yawa. Da la'asar, fili ya cika, matan Mayahi suka aiko a sa musu kiɗan mutuminsu. Da can in an roƙe ni haka cewa nake ba ni da shi. Ranar na ce da gudu ma. Na je da kaina na kamo hannun Na Allah, na zaunar da shi a kujerar gaba, na ɗauki abin magana na gabatar da shi, na ce yau Tasawa za ta ji gwanin da ake ta labari.

Na rantse ban taɓa kiɗansa ba, ban rage ba ban ƙara ba. Abin da na yi kawai, na fara sa nawa mafi nauyi, na buɗe lasifiku har ƙura ta riƙa tashi a gabansu, samari suka yi rawa suka jiƙe da gumi. Kafin kunnuwa su huce na sa nasa.

Sarewar ta fito ita kaɗai a tsakiyar fili, tsirara, ba turmi ko ɗaya a kusa. Masu rawa suka tsaya da ƙafa a sama suna jiran ƙasan kiɗa ya shigo. Bai shigo ba. Wani saurayi ya tambaya ko gyare ne ya shiga cikin lasifika, aka kwashe da dariya, dariyar ta zagaya fili. Matan Mayahi suka yi ƙoƙarin tafi, tafin ya mutu a hannunsu. Na saci kallon Na Allah. Bai motsa ba, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon lasifikar da baki a ɗan buɗe. Bai taɓa jin kiɗansa a babban abu ba sai ranar. Ni kuwa daɗi na ji, daɗi sosai, har na kasa cin abincin biki.

Na ɗauka zai yi fushi ya daina gaishe ni, da hakan ya fi mini sauƙi. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona, ya cire takalmi tun daga waje. Ya ce ashe shekara da shekaru yana sayar wa bayin Allah rabin kiɗa bai sani ba, ya gode da Allah ya sa ya ji da kunnensa. Ya roƙe ni in nuna masa abin da ya rasa.

Kwana uku yana zuwa. Na koya masa tsakani da Allah, ban ɓoye masa komai game da bas ba, kuma muguntar ke nan. Na nuna masa yadda ake shimfiɗa bas a ƙarƙashin sarewa, yadda ake cike kowane gurbi kada a bar fili. Ranar da zai tafi na ba shi kyautar abin kunne mai kyau, irin mai rufe kunnuwa ruf. Da ya sa ya ji kaurin sautin a cikin kansa, idanunsa suka kawo ruwa. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunyar kallonsa.

Daga nan ya bar gindin dogon yaro. Ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa, don ƙarar daka tana hana shi jin abin da yake yi. Ya bi kiɗansa ɗaya bayan ɗaya ya cike duk filin da ya bari, in ya gama sabo ya goge tsoho, don kada ya sake jin abin da aka yi wa dariya. Mutum ne mai amana, shi ya sa bai tsaya nan ba. Duk matar da ta kawo kati a kasuwa, sai ya goge tsofaffin da ke ciki ya zuba mata gyararru, bai karɓi ko dala ba, yana cewa haƙƙinsu ne yake mayarwa.

Matan suka koma gida suka rataye rediyo, rediyo ta kama tari. In mace ta daure ta ɗauki taɓarya, sai ta tarar gurbinta a cike, ganga tana sauka inda hannunta zai sauka, su yi ta karo. Ba wadda ta je ta yi masa ƙorafi, ba halinsu ba ne. Ƙafa kawai suka ɗauke. Kafin damina ta zagayo tabarmarsa ta koma wurin hutawar masu jiran mota. Samari masu manyan lasifiku kuwa ba su koma wurinsa ba, tun da a wannan fage na fi shi nesa ba kusa ba. Ya sake ɗaura wa jaki amalanke.

Na gamu da shi a kasuwar Mayahi yana sauke buhuna, abin kunnen nan rataye a wuyansa. Ya rame. Na tambaye shi aiki, ya ce kiɗan yanzu ya fi na da kyau, ni ma shaida ne.

“Rediyonsu ne ba kyau, Malam Ilyasu,” ya ce. “Mutanenmu ba su da kunne.”

Ban san a ina ya ji ba, wataƙila a bakina cikin kwana ukun nan. Na yi masa sallama da sauri.

Inna ma katinta bai tsira ba. Ta ba wata maƙwabciya ta kai a ƙara mata kiɗa guda, aka dawo mata da shi an sabunta duka. Da na je Maijirgi na tarar da gidan shiru sai ƙarar turmi, rediyo a rataye a kashe. Na zauna ina jira ko za ta buɗe gwangwanin allura ta ɗauko nawa tun da fili ya samu. Ba ta ɗauko ba. Na sake zuwa, na sake zuwa, haka. Dakan da take gamawa kafin rana ta take sai ya riƙa kai ta azahar, tana yi tana tsayawa tana dafa ƙugu.

A zuwa na huɗu, ina shirin tafiya, ta yi magana tana kallon bango. Ta ce tun da aikina ke nan, ko zan iya nemo mata kiɗan mutumin nan na da, ko guda ɗaya ne, wanda sarewa ke farawa ita kaɗai. Tun da na fara sana'ar nan wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu a kanta, kuma kiɗan wani take roƙo.

Na fara da Na Allah. Ya ce babu ko ɗaya a na'urar. Na ce to ya sake bugawa yadda yake yi da, ni zan kai shi gindin bishiyar yayarsa. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Kai hwa kana wurin, ka ji dariyar da anka yi,” ya ce. “Kada ka maida ni baya.”

Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, na rufe. Na bi kasuwa uku ina tambayar mata, duk wadda na samu ko an sabunta mata ko ta goge ta sa wa'azi. Nawa katin da na saya a ɓoye tuni na taka shi da takalmi ranar wani haushi. Wataƙila akwai saura a wani ƙauye, ni dai ban samu ba.

Sai na ce to, ni zan yi. Kiɗan da take nufi na san shi ciki da waje, don babu mai haddace abu kamar wanda ke ƙin sa. Na kashe manyan lasifikuna, na jawo ƴar rediyo na ɗora a tebur. Na cire bas gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Na je na tsaya bayan dangar maƙwabta na auna saurin dakansu, na ɗora kiɗan a kan ma'aunin na'ura don kada ya kauce ko da ƙiris daga farko har ƙarshe. Na bar wa taɓarya gurbinta ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara na yi. Ban taɓa yin aiki mai tsabta irinsa ba, kuma da na saurara, ni kaina ba zan iya bambanta shi da na Na Allah ba.

Na kai mata da hantsi, na tarar ta zuba gero a turmi. Na ce na samo tsohon a wurin wata mata a Mayahi. Ƙarya na yi da gangan. Ina so ta saurara ba kunyar ɗan fari a tsakaninmu, in ta gama yabawa sannan in gaya mata mai shi.

Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta sa a rediyo ta rataye. Sarewa ta fara ita kaɗai. Fuskarta ta washe, ta ɗaga taɓarya, ta sauka daidai gurbin da na bar mata. Ta sake, ta sake. Kanta ya fara lilo. Na sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata, maganar da na shirya tana bakina.

Can wajen tsakiya sai taɓarya ta makara. Ta ƙara sauri ta kamo kiɗan, ta bi shi kaɗan, ya sake tsere mata. Gumi ya keto mata. Ta sake gwadawa, sannan ta tsayar da taɓarya a cikin turmi ta jingina da ita tana haki.

“Wanga ba nashi ba ne,” ta ce.

Na ce nasa ne mana, matar ta tabbatar mini.

“An cuce ka. Wanda ya yi wanga ya iya hannu, amma bai taɓa tsayawa ya dubi mai daka ba. Nashi, in hannuna ya mutu shi ma sai ya sassauta, ya jira ni, mu ƙarasa tare. Wanga kora ta shika yi kamar jaki.” Ta share goshi da gefen zane. “Kashe shi. Ka maida ma mai shi, ka ce an gode.”

Na miƙe na kashe, na zare katin na sa a aljihu. Ban gaya mata komai ba. Ta huta kaɗan, ta ɗaga taɓarya ta ci gaba ita kaɗai. Na koma na zauna a bakin rumfa ina saurare har ta gama, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Gaskiyarta ne, can wajen ƙarshe sassautawa take yi.